Tulun Toka: Tarihin Wata Kalmar Turanci da Abin da Ya Haɗa Ta da Mu

  

Yau so nake mu ɗan leƙa cikin ƙamus na Turanci mu ɗauko wata kalma wadda ko a cikin Turawan kansu ba kowa ya san ta ba. Kalmar ita ce inurn, sunan aikin kuma inurnment. Ma'anarta a yau ita ce a kwashe tokar mutumin da aka ƙona gawarsa, a zuba a cikin wani ɗan tulu na musamman da suke kira urn, a rufe a ajiye. Mai karatu zai lura cewa abin da na yi layi biyu ina bayani da Hausa, su kalma guda suka yi masa. Wannan ba gazawar Hausa ba ce, domin mu ma in ka ce wa Bature takaba ko sadakar bakwai, sai ka zaunar da shi ka yi masa dogon bayani. Abin da mutane ba sa yi, ba sa raɗa masa suna.

Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da muke yi wa mamacinmu wanka mu sallace shi mu kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. To akwai ruwanmu, musamman mu da ke zaune a Ikko, domin tun shekarar 2013 akwai dokar ƙona gawa a Jihar Legas. Zan zo kan wannan a gaba. Amma bari mu fara bin sawun kalmar, don tarihinta ya nuna yadda abin da mutane suka daɗe suna ƙyama yake shigowa sannu a hankali har ya zama gama-gari.

Asalin abin daga Rumawa ne. A harshen Latin, urna tulu ne kawai, na ɗiban ruwa. A cikin irinsa suke jefa ƙuri'a, a cikin irinsa kuma suke zuba ƙasusuwan matattunsu bayan sun ƙona su. Shi ya sa har gobe a Faransanci akwatin zaɓe sunansa urne, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko sun san haka. Wato a can, sunan akwatin da ake jefa ƙuri'a da na tulun tokar mamaci ɗaya ne. Na bar wa masu sharhin siyasa su faɗi abin da suka gani a wannan.

A zamanin sarki Augustus, wato wajen shekara dubu biyu da suka wuce, ƙonawa ce al'adar mafi yawan mutanen birnin Rum. Masu hali suna da kushewar gidansu a bakin manyan hanyoyi. Bayi da 'yantattu da ƙananan masu sana'a kuwa, sai aka riƙa gina musu wasu ɗakuna, galibi a ƙarƙashin ƙasa, bangon cike da ƙananan alkuki layi-layi tun daga ƙasa har sama, kowane alkuki da tulu ɗaya ko biyu a ciki, da ɗan allon dutse mai ɗauke da suna. Sunan da ya bi irin wannan ɗaki shi ne columbarium, daga columba, wato tantabara. Duk wanda ya taɓa ganin ɗakin tantabaru a ƙauyukanmu, wanda ake jera tukwane a jikin bango kowace tantabara da tata, ya riga ya ga hoton abin. A shekarar 1726 an tono wani irin wannan ɗaki a kan hanyar Appia, na bayi da barorin Livia matar Augustus, mai ɗaukar tokar mutum fiye da dubu. A jikin allunan an rubuta aikin kowa: wannan mai ɗinki ce, wannan mai gyaran gashi, wannan likita, wannan mai tsaron ƙofa.

Wanda ba shi da uban gida kuma ba shi da kuɗi fa? A wani zamani ramuka ake haƙawa a bayan gari ana watsa irin waɗannan gawarwaki. Tsoron wannan wulaƙanci ya sa talakawa suka riƙa kafa ƙungiyoyin jana'iza, kamar dai adashi. An samu dokokin ɗaya daga cikinsu a rubuce a jikin dutse a garin Lanuvium, kudu da Rum, daga shekarar 136 Miladiyya, kuma ni a duk tarihin nan babu abin da ya tsaya mini a rai kamarsa. Kuɗin shiga sestas 100 ne da tulun giya mai kyau guda, sannan a riƙa biyan ɗan abu kaɗan duk wata. In ɗan ƙungiya ya mutu za a fitar da sestas 300 don jana'izarsa, a ware 50 daga ciki a raba wa waɗanda suka raka shi. Wanda ya yi watanni a jere bai biya ba, ba shi da haƙƙi. In kuwa mutum ya mutu a nesa, fiye da mil 20 daga gari, kuma labari ya iso, za a zaɓi mutum uku su tafi su yi masa sutura a can, a ba kowannensu sestas 20 na hanya, su dawo su ba da lissafi ba ha'inci. Har bawa ba su manta da shi ba: in uban gidansa ya hana gawar don mugunta, za a yi masa jana'iza da wani abin da zai tsaya a madadinsa. Arna ne fa, masu bautar gumaka, amma sun zauna sun yi tunanin ɗan uwansu da zai mutu a kan hanya. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga ƙarni na 2 Rumawa da kansu suka fara komawa ga binnewa, da Kiristanci ya yi ƙarfi kuma sai ya ƙarasa kashe al'adar. Wajen shekarar 785 sarki Charlemagne ya kafa wa ƙabilar Saxon doka cewa duk wanda ya ƙona gawa irin ta maguzawa, hukuncinsa kisa. Daga nan Kiristocin Turai suka yi kusan shekara dubu ba sa ƙona matattunsu, sai fa waɗanda aka ƙona da rai a kan zargin maita ko bidi'a, wannan kuma wani babi ne.

Abin mamakin shi ne a tsakiyar wannan dogon zamani aka haifi kalmar tamu. Waɗanda suka yi adabin Turanci a sakandare sun san wasan Hamlet na Shakespeare. A wurin da yariman ya yi ido biyu da fatalwar ubansa, yana tambayarta dalilin da ya sa kabarin da aka sa shi a ciki ya amayo shi, a nan kalmar ta fara fitowa a rubuce. Bugun farko na 1603 da na biyu da ya biyo shi sun yi amfani da kalmar binnewa ta yau da kullum ne, sai a babban kundin da aka buga a 1623, bayan mutuwar marubucin da shekara bakwai, aka ga wannan baƙuwar kalma a gurbinta. Kuma uban Hamlet ba ƙona shi aka yi ba, gawarsa guda aka sa a ɗakin kabari. Ke nan ma'anarta ta farko binnewa ce kawai, an dai yi mata ado da sunan tulun Rumawa don ta yi armashi, kamar yadda malamanmu kan ɗauko kalmar Larabci su sa a waƙa alhali akwai ta Hausa. Mawaƙa suka ci gaba da juya ta sama da shekara ɗari biyu.

Mutumin da ya fara zama ya yi dogon nazari a kan tulunan da Turanci shi ne wani likita na garin Norwich, Thomas Browne. An tono tuluna tsakanin arba'in zuwa hamsin a wata gona a Walsingham, cike da ƙonannun ƙasusuwa da 'yan tarkace irin su mataji, sai ya rubuta ɗan littafi a kansu a 1658 mai suna Hydriotaphia, wanda aka fi sani da Urn Burial. Shi ya ɗauka na Rumawa ne. Masu bincike na baya sun tabbatar na Anglo-Saxon ne, wato kakannin Ingilawan kansu, kafin su karɓi Kiristanci. A wannan yanki na Norfolk, a wani wuri da ake kira Spong Hill, an tono irin waɗannan fiye da 2,000 a shekarun 1970. Babban abin da ya dami Browne a littafin shi ne babu wanda ya san abin da zai sami ƙashinsa bayan ya mutu, da kuma yadda ake tono matattu ana wasa da ƙoƙon kansu. Allah Sarki. Ya mutu a 1682 aka binne shi a cikin coci, a 1840 leburori suna aiki suka fasa akwatinsa, aka ɗauke ƙoƙon kansa, ya ƙare a gidan adana kayan tarihi na asibitin garin, ba a mayar da shi kabari ba sai a 1922.

To me ya dawo da wutar? Cunkoso ne. A farkon ƙarni na 19 birnin Landan ya cika ya batse, maƙabartun coci-coci na cikin gari suka ƙoshi, ana tono tsohon kabari tun bai gama ruɓewa ba a cusa sabo, ga wari ga kwalara. A shekarun 1850 hukuma ta rufe da yawansu, aka buɗe wata ƙatuwar maƙabarta a Brookwood kusa da garin Woking a 1854, har da jirgin ƙasa na musamman mai ɗaukar gawa da masu makoki daga Landan. Duk wanda ya san halin da maƙabartun Ikko suke ciki ba zai yi mamakin wannan labari ba.

A 1873 wani babban likitan fiɗa, Sir Henry Thompson, wanda yake cikin likitocin Sarauniya Victoria, ya je bajekolin duniya a birnin Vienna ya ga wata tanderun ƙona gawa da wani farfesa ɗan Italiya ya ƙera. Da ya dawo ya rubuta maƙala a Janairun 1874 yana cewa binnewa na gurɓata ruwa da iska, ya kuma tara abokansa, marubuta da masu zane, suka kafa ƙungiyar yaɗa ƙona gawa. Sai dai ya yi suɓutar baki, domin a cikin hujjojinsa har da lissafin kuɗin da Ingila ke kashewa tana sayo ƙashi daga waje don yin taki, alhali ga na mutanenta ana binnewa a banza. Jama'a suka yi masa ca. Bishop na Lincoln ya hau mumbari a Westminster ya yi huɗuba a kan abin. Italiya da Amurka suka riga Ingila, kowacce ta buɗe gidan ƙonawa a 1876, Jamus ta bi a 1878 a garin Gotha.

Ƙungiyar Thompson ta sayi fili a Woking ta gina tata tanderun. A Maris 1879 suka gwada ta da mushen doki, ta kuwa cinye shi. Mutanen gari suka kai ƙara, ministan cikin gida ya ce kada a kuskura a sa mutum. Haka tanderun ta zauna shekara shida babu aiki.

Ana cikin wannan jayayya ne aka yi wani abin dariya da har yau ake jin amonsa. A Agustan 1882 Ostireliya ta doke Ingila a wasan kurket a gida, sai wani ɗan jarida ya buga sanarwar rasuwa ta barkwanci, wai wasan kurket na Ingila ya mutu, za a ƙona gawar a kai tokar Ostireliya. Uban ɗan jaridar nan yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Thompson, don haka zolayar tana da ƙashi a ciki. Da 'yan wasan Ingila suka je ramuwa, aka ba kyaftin ɗinsu wani ɗan mitsitsin tulu na yumɓu mai kimanin santimita 11 da 'yar toka a ciki. Tulun yana ajiye a filin Lord's a Landan, gasar ƙasashen biyu kuma har yau sunanta The Ashes, wato Toka. Shi ma wannan tulu urn ake ce masa, babbar tukunyar dafa shayi ta wurin taro ita ma sunanta ke nan.

Wanda ya buɗe ƙofar ba likitan Sarauniya ba ne. Wani tsoho ne mai shekara 83 a yankin Wales, Dakta William Price, mutum mai abubuwan ban mamaki, wanda ya ɗauki kansa limamin addinin gargajiyar Wales, yana yawo da hular fatar yanyawa. Jaririnsa ɗan wata biyar ya mutu a Janairun 1884, sai ya hau da gawar kan tudu a garin Llantrisant ran Lahadi da yamma ya cinna wuta. Mutane suna fitowa daga coci suka hango, suka yi kansa, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. A kotu a Cardiff ya kare kansa da kansa, alƙali James Stephen ya duba ya ce babu wata doka a ƙasar da ta hana ƙona gawa, muddin ba a cutar da jama'a ba. Shi ke nan. Ran 26 ga Maris 1885 aka ƙona gawar wata mata, Jeanette Pickersgill, a Woking. A duk shekarar mutum uku kacal aka ƙona. A 1902 majalisa ta yi wa abin doka.

Daga nan kalmomin da suka yi ta barci a cikin littattafai suka samu aiki. Dole a samu inda za a zuba abin da ya fito daga tanderu, sai aka ɗauko urn. Dole a samu inda za a ajiye tulun, sai aka ɗauko columbarium. Dole kuma a samu sunan aikin, sai aka kakkaɓe ƙurar kalmar Shakespeare aka ba ta ma'anar da take da ita yanzu.

A nan ne ni a matsayina na ɗan kasuwa ɗan ɗan kasuwa na fi gane zancen, domin a Amurka ne kalmar ta fi samun gindin zama, kuma dalilin ciniki ne. Masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu a birnin Detroit a 1913. Ba a daɗe ba suka lura cewa in iyali suka karɓi toka suka je suka watsa a teku ko a lambu, ciniki ya ƙare a kuɗin wuta. In kuwa aka shawo kansu cewa ƙonawa rabin aiki ne, mutunci bai cika ba sai an yi inurnment, to za a sayar musu da tulu na tagulla ko na marmara, a sayar musu da alkuki a bango, na daidai ido ya fi na can ƙasa tsada, a kuma karɓi kuɗin kulawa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san cewa sunan da ka kira haja da shi yana ƙara mata farashi. Atamfa ɗaya ce, amma in ta samu suna sai ta fi 'yar uwarta kuɗi.

Ba su tsaya nan ba. A tsakiyar ƙarni na 20 suka haɗa kalmomi biyu, ta ƙonawa da ta saura, suka fitar da cremains, don kada a ce toka a gaban masu makoki. Marubucin Ingila Evelyn Waugh ya ziyarci wata shahararriyar maƙabarta a California, ya dawo ya rubuta ƙagaggen labari a 1948 mai suna The Loved One yana yi wa irin wannan harshe dariya. A 1963 wata mata, Jessica Mitford, ta fitar da The American Way of Death, inda ta fallasa yadda masu sana'ar jana'iza ke tatsar mutane a lokacin da hankalinsu ba ya jikinsu, da yadda suka sauya wa kowane abu suna, tun daga gawa har akwati.

Gaskiyar magana ma, kalmar toka kanta rufa-rufa ce. Ana sa gawa a zafin da ya kama daga digiri 800 zuwa kusan 1,000, na tsawon sa'a ɗaya da rabi zuwa uku. Nama da kitse su tafi a hayaƙi. Abin da ke saura ƙashi ne guntu-guntu, sai a tsince ƙarafa, a zuba shi a injin niƙa ya zama gari, kimanin kilo biyu zuwa uku ga babban mutum. Wannan garin ƙashi shi ake zubawa a tulu. Mu da aka karantar da mu cewa karya ƙashin mamaci tamkar karya shi ne yana da rai, ba sai an yi mana dogon wa'azi a nan ba. Mu ma akwai tukunya a kabarinmu, domin a Kano da wasu garuruwa da tukwanen ƙasa ake rufe ƙaramin ramin kafin a tura ƙasa, amma aikinta kare gawa ne.

Duba yadda abin ya tafi. Daga mutum uku a 1885, a 1968 waɗanda ake ƙonawa a Birtaniya sun zarce waɗanda ake binnewa, yanzu kuwa sun kusa kashi 80 cikin 100. A Amurka sun haura rabi tun wajen 2016. Cocin Katolika da ta haramta abin a 1886 ta sassauta a 1963, sai dai a 2016 ta ce a ajiye tokar a wuri mai tsarki, ba a falo ba, kuma kada a watsar. Yahudawa masu riƙo da addini da Musulmi kuwa sun tsaya inda suke.

Wani abin lura, a wannan garin na Woking da aka kunna tanderun farko, a nan aka gina masallacin farko da aka gina don ya zama masallaci a Ingila, a 1889, da kuɗin sarauniyar Bhopal ta Indiya, Shah Jahan Begum. Tun 1884 aka keɓe wa Musulmi wuri a maƙabartar Brookwood. A can Abdullah Yusuf Ali yake kwance, mutumin da fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Turanci take a gidajenmu da yawa. A Disambar 1953 'yan sanda suka tsince shi a cikin sanyin Landan, tsoho mai shekara 81, a zaune a bakin ƙofar wani gida, hankalinsa ya gushe, babu kowa tare da shi. Washegari ya cika a asibiti. Babu dangin da ya zo karɓar gawar. Ofishin jakadancin Pakistan ne ya san ko shi wane ne, ya tsaya aka yi masa sutura. In har mutum irin wannan zai iya kusa zama gawar da ba ta da mai ita a baƙon gari, ina ga ɗan ga-ruwa?

Wannan ya kawo mu gida. A 2013 gwamnan Legas na lokacin, Babatunde Fashola, ya sa hannu a kan dokar da ta halatta ƙona gawa. Hujjar gwamnati irin ta Landan ce ta wancan ƙarni: ƙasa ta yi tsada, maƙabartu sun cika, ɗakunan ajiye gawa na asibitoci sun cushe. Dokar ta shafi gawa iri biyu, ta wanda shi ko iyalinsa suka nemi a ƙona, da kuma wadda ta daɗe a mutuware babu wanda ya zo ya ce tasa ce. Shekara guda bayan haka, a Yulin 2014, aka ƙona gawar Patrick Sawyer, mutumin Laberiya da ya shigo da cutar Ebola Legas. A ƙasar Sri Lanka kuwa, lokacin korona, gwamnati ta tilasta ƙona duk wanda cutar ta kashe tun daga 2020, har da Musulmi, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da laifi. Ba a janye ba sai a Fabrairun 2021, gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a 2024, amma wanda aka ƙona an riga an ƙona.

Kashi na farko na dokar Legas bai dame ni ba. Akwai Indiyawa mabiya Hindu da wasu da wannan ne addininsu ko zaɓinsu, garin kuma na kowa ne. Kashi na biyu ne abin dubawa, domin in aka tambaya su wane ne suka fi kusa da zama gawar da ba mai ita a wannan birni, amsar ba ta da daɗi. Yaro ne ya hau bayan tirelar shanu ko ta albasa daga Sakkwato ko Haɗeja ya sauka a Mile 12 ko Agege. Yana dako, ko gadi, ko wankin takalmi, ko yankan farce. Yana kwana a rumfa ko a barandar masallaci. Babu katin shaida a aljihunsa, abokan kwanansa ma da Dogo ko Ɗan Zamfara suka san shi. Mota ta buge shi a kan babban titi da asuba, wayarsa ta fashe ko wani ya ɗauke. In bai dawo ba kwana biyu, sai a ce ai ya tafi gida, a gida kuma ana cewa yana Ikko. Wanka da salla da binne Musulmi farilla ce da in wasu suka yi ta faɗi a kan kowa, in kuwa babu wanda ya yi, laifin ya hau kan duk wanda ke garin, wato mu.

Ba wai ba a komai ba ne. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Sabo ta Badun sun daɗe suna karɓo gawar baƙo su yi mata sutura, 'yan kasuwa su yi karo-karon likkafani da kuɗin kabari, Allah Ya saka musu. Sai dai duk wannan yana yiwuwa ne in labari ya iso. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ba a ma san ya ɓace ba.

Abin da mutanen Lanuvium suka fi mu da shi rubutu ne, sun san sunan kowane ɗan ƙungiya, sun kuma san wanda za a aika. Shawarata ita ce kowane masallacin unguwa da kowane layin kasuwa ya ajiye littafi guda. Duk baƙon da ya sauka a rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, garinsu da unguwarsu, da lambar waya biyu ta 'yan uwansa na gida. A ƙarfafa wa yara su yanki katin ɗan ƙasa, wanda bai samu ba a rubuta masa takarda a like da leda ya riƙa yawo da ita. A kuma naɗa mutum uku, a cikinsu har da mai jin Turanci ko Yarabanci, waɗanda in an kwana uku ba a ga mutum ba kuma wayarsa ba ta shiga, aikinsu ne su zaga ofishin 'yan sanda da asibitocin gwamnati na kusa, a ba su kuɗin mota daga asusun masallaci. Waɗanda ke da kusanci da fadar Sarkin Hausawan unguwarsu, don Allah a tayar da maganar ranar Juma'ar nan bayan an sauko.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Wassalam.